Dolfin da ƙwayoyin cuta: wai gishirin teku ba ya kare shi ne?

Tambaya: Salam likita, na ga bidiyon wani dolfin da ya fito gaɓar teku ya mutu, aka ce wai bakteriya ce ta kashe shi. Ni a sanina gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta, to ta yaya dabbar da ke kwana ta tashi a ruwan gishiri za ta kamu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gishirin teku bai kai ƙarfin da zai kashe su ba, wasu bakteriyar ma nan ne gidansu. Kuma dolfin ba kifi ba ne, da shi da ƙaninsa fofos, wata dabbar teku mai kama da shi, huhu gare su, haihuwa suke yi su shayar, don haka ciwonsu ya fi kama da namu.

Huhun nan shi ne lagonsu. Mu hancinmu yana tace iska, shi kuwa ƙofar numfashinsa a tsakar ka take kuma babu matata, ya taso ya fesar ya zuƙa da ƙarfi, duk abin da ke saman ruwan ya zarce ciki, shi yasa nimoniya, wato ciwon huhu, take yawan kashe su, musamman fofos da tsutsar huhu ta riga ta yi wa rauni. Bayan malalar ɗanyen mai a Tekun Meziko a 2010 an samu matattun dolfin da yawa da nimoniyar bakteriya, abin tausayi wallahi.

Wadda ta fi damuna ita ce burusela, dangin wadda ke sa shanu ɓari. A 1994 aka fara ba da rahotonta a dabbobin teku. Tana zubar da ciki, tana cin gaɓoɓi, in ta hau ƙwaƙwalwa sai kaga dabbar ta karkace gefe guda tana zagaye a wuri ɗaya, ta kasa riƙe kanta a ruwa har igiya ta watso ta kan yashi. Akwai kuma cutar irisifelas da suke ɗauka daga kifin da suka ci, wani lokaci tabo ne mai kusurwa huɗu a fata, wani lokaci ta shiga jini kafin a ankara ta gama da shi.

In ka taɓa cin karo da wanda ya fito gaɓa, don Allah kar ka tura shi ruwa, mai ciwo nutsewa zai yi. Kar ka taɓa shi da hannu tsirara, kar ka kai fuskarka kusa da ƙofar numfashinsa, domin burusela da irisifelas suna kama mutum. Ka kira jami'an kula da dabbobin ruwa.