Dashen tumatir yana yaushi alhali ƙasarsa jiƙe take: mene ne matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Marwa, arewacin Kamaru. Na shuka irin tumatir da tattasai a kofunan roba da gwangwanayen madara kusan 60, na jera su cikin ɗaki kusa da taga saboda kaji da ƙadangaru. Sun tsiro lafiya lau, amma bayan kwana 10 sai suka fara yaushi, wasu suna faɗuwa kamar an datse su daga gindi. Safe da yamma nake ba su ruwa, da na ga haka sai na ƙara da na rana. Wani mai sayar da maganin gona a kasuwa ya ce rashin taki ne, ya ba ni wani gari in barbaɗa. Yanzu saura ba su fi 20 ba, ga irin da tsada. Don Allah me zan yi kada sauran su bi su? Daga wata uwargida a Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar miki da alheri. Kafin komai, yau kada ki ba su ruwa, garin nan kuma ki ajiye shi nesa da su. Ki ɗauki kofi ɗaya cikin waɗanda suka faɗi, ki zazzage shi a tafin hannu ki duba. Idan ƙasar ta dunƙule tana naso, tana warin tsami, saiwar ta koma ruwan ƙasa tana saɓulewa in an ja ta, gindin karan kuma ya tsuke ya yi siriri kamar zare daidai inda ya taɓa ƙasa, to ruwa ne ya kashe su. Saiwa mai lafiya fara ce tas, kuma tana da ƙwari.

Bari in tsaya a nan sosai, domin wannan kuskuren ya fi kowace cuta cinye dashe a gidajenmu, kuma babu ranar da ba a kawo mana irinsa. Mutane sun ɗauka duk ganyen da ya yi yaushi ƙishirwa yake ji. Ba haka ba ne. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana zaune ne a ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike kafofin nan ya kwana ya wuni bai tsane ba, ƙananan gasun saiwa da ke tsotsar ruwa sai su shaƙe su mutu. Daga nan tsiron ba ya iya shan ruwan da yake tsaye a cikinsa, sai ganyen ya langaɓe daidai yadda zai yi da a busasshiyar ƙasa yake. Mai shuka ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara buta guda. Abin da ya faru da ke ke nan ranar da kika ƙara na rana.

Wannan laimar kuma ita ce gidan ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da gindin tsiro. Masana suna kiran manyansu Pythium da Rhizoctonia da Fusarium. Ta farkon ma 'ya'yanta iyo suke yi cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, daga wannan saiwa zuwa waccan, shi ya sa laima ke saurin yaɗa cutar. Tsiron da gindinsa ya riga ya tsuke ba ya tashi. Babu maganin da zai mayar masa da naman da ya ruɓe, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so.

Yadda za ki rarrabe kuwa ba wuya. Tsiron da ƙishirwa ta kama, kofinsa shafal yake, ƙasar ta yi fari har ta janye daga jikin kofin, kuma in aka ba shi ruwa zai miƙe cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda zafin tsakar rana ya sa ya sunkuya, da la'asar sakaliya zai ɗago da kansa ba tare da an ba shi komai ba. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa kofinsa da nauyi, da safe ma a langaɓe za ki same shi, ganyen ƙasa ya fara rawaya, wani lokaci har gansakuka kore ta rufe saman ƙasar, ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi in kin taɓa kofin.

Ka'idar "safe da yamma" ta lambun fili ce, inda rana ke duka, iska ke kaɗawa, ruwa kuma yake nutsewa ƙasa abinsa. Kofin da bai wuce mililita 200 ba, a cikin ɗaki, da tsiro mai ganye biyu, ba zai iya shanye wannan ruwan ba. Hunturu ma yana da nasa ruɗin: busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana busar da saman ƙasar kofi cikin 'yan sa'o'i, alhali ciki jagab yake saboda sanyin ɗaki. Kada idonki ya yanke hukunci. Ki tura yatsa kamar santimita 1 zuwa 2, ko ki soka tsinken tsintsiya har ƙasan kofi ki zaro. In ya fito da danshi da ƙasa manne, ki bari sai gobe. Abin da ya fi duka shi ne ɗagawa: ki riƙe kofin bayan kin ba shi ruwa, ki sake riƙe shi kashegari, cikin mako ɗaya hannunki zai san nauyin da ke nufin lokaci ya yi. A hunturu ana iya yin kwana 2 ko 3 ba a ba su ba, a watan Agusta ma fiye da haka. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Marwa da Garwa da Njamena ke haura digiri 40, ƙaramin kofi na iya bushewa kullum, sai a riƙa dubawa sau biyu a rana.

Ina kuma zargin gwangwanayenki ba su da huda, ko guda ɗaya ce ta toshe. Kowane mazubi a sa ƙusa a huda masa ƙasa wuri 4 ko 5, faɗin kowace huda kamar milimita 5. Masu cewa a zuba tsakuwa a gindi a maimakon huda ba su taimaki kowa ba, domin ruwan bai fita ba, matsowa ya yi kusa da saiwa. Sannan ƙasa. Baƙar ƙasar karal da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a kanta tana riƙe ruwa wata da watanni, abin da ya sa dawar ke nuna ba tare da ruwan sama ba, amma a cikin kofi laka ce mai shaƙe saiwa. Ki haɗa kashi 2 na ƙasar lambu mai laushi, kashi 1 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 na takin shanu da ya ruɓe sarai ya daina wari, a tankaɗe. In da hali a turara haɗin a rabin duro na tsawon minti 30, a bar shi ya huce. Tsofaffin kofuna a wanke su da javel, wato bilicin wanki, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai.

Ba da ruwan kansa ya fi kyau ta ƙasa. Ki zuba ruwa a faranti mai zurfi ko tire, tsayin santimita 1 zuwa 2, ki jera kofunan ciki na minti 10 zuwa 20. Da kin ga saman ƙasar ya canja launi, ki cire su ki ɗora kan bulo ko 'yan itatuwa su tsane, ruwan da ya rage kuma ki zubar. Kada su kwana a ciki. Ta haka gindin kara ba ya jiƙewa, saiwar kuma tana bin danshi zuwa ƙasa ta yi tsawo. In ta sama za ki ba su, ki huda murfin gorar roba da allura wuri 6 ko 7, ki bi gefen kofi a hankali har sai 'yan ɗigo sun fito ta ƙasa. Da hantsi ake yi, don ƙasar ta sha iska kafin dare. Ruwan jarkar da ta wuni a rana yana dafa saiwa, a bar shi ya huce a randa. Ruwan wanke-wanke da na sabulu kuwa kada ya kusance su. Idan kin ga farin ɓawo kamar kanwa a bakin kofi, gishirin ruwan rijiya ne ko na taki ya taru, sai ki kwarara ruwa mai kyau ta sama sau ɗaya ya wanke shi ya fice ta huda.

Maganar garin da aka ba ki ita ta fi ɓata min rai. Mutum bai ga tsiron ba, bai taɓa ƙasarsa ba, ya ƙulla gari a leda ba suna ba ma'auni ya miƙa wa uwar 'ya'ya ta kai cikin ɗakin da yara ke kwana. In takin zamani ne irin su yuriya, zai ƙone saiwar da dama ta jikkata. In maganin ƙwarin auduga ne, wanda ya cika kasuwanninmu, ba ya taɓa ruɓar gindi ko kaɗan, kuma guba ne a hannun yaro. Haka masu yaɗa cewa a zuba ruwan sukari ko a narka ƙwayar ciwon kai, duk ƙara wa funfuna abinci ne ko ɓarnar kuɗi. Tsiron da bai fitar da ganyen gaskiya biyu ba, wato waɗanda ke fitowa bayan ganye biyun farko na tsiro, bai ma buƙaci taki ba, abin da ke cikin ƙwayar irin da takin haɗin ƙasar ya ishe shi. Duk maganin da ba ya cikin ledarsa ta asali da rubutun kamfani, kada ki karɓa, ko kyauta ne.

Sauran 20 ɗin nan, ga abin yi yau. Ki fitar da duk kofin da tsironsa ya faɗi, ki zubar da ƙasarsa can nesa, kada ki sake shuka a cikinta. Masu rai ki huda musu ƙasa, ki rarraba su da tazarar yatsu uku don iska ta ratsa, inda biyu ko uku suka tsiro a kofi ɗaya ki yanke raunanan da almakashi ki bar ɗaya. Ki barbaɗa busasshen yashi siriri a kewayen gindi. Ki riƙa fitar da su baranda su sha ranar safe ta awa 3 zuwa 4, ki kife musu kwando mai manyan idanu ko tsohon gidan sauro saboda kajin, domin tsiron da ya tashi a duhu dogo ne marar ƙwari, shi cuta ke fara kayarwa. Tumatir ɗin zai isa dashe a wajen mako 4, idan ya yi ganyen gaskiya 4 ko 5, tattasai kuwa sai mako 6 zuwa 8. Mako guda kafin dashe ki rage ruwa, ki ƙara musu lokacin rana kaɗan-kaɗan, ranar dashen kuma ki jiƙa kofunan da kyau tun da safe, ki dasa da yamma da dunƙulen ƙasarsu.