Ba kowane zafin gilashin cikin ido ne haƙuri ke magani ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta abin da kika rubuta har sau biyu: sati uku ke nan da aka ba ki babban gilashin nan na cikin ido da ake kira sikleral saboda bushewar ido ta ciwon Sjögren, wato ciwon da ke busar da hawaye da yawu, in kin sa da safe lafiya lau, amma kafin azahar ido ya fara zogi, gani ya yi hazo, in kin cire ki tarar da jan zobe a farin idonki, har kina tunanin jefa shi cikin durowa duk da kuɗin da aka kashe. Na ga wasu sun ce ki yi haƙuri, za ki saba. Alheri suke nufi, amma ni ba zan ce miki haka ba, don irin wannan haƙurin ne ya cinye min wata biyar a banza.

Ni tawa bushewar daga wani wuri ta zo. Maganin zazzaɓi mai sinadarin sulfa na saya a kemis na sha, jikina ya ƙi shi, fata ta saɓule, baki da ido suka yi gyambo, likitoci suka ce Stevens-Johnson ne. Na tashi, amma hawaye bai dawo ba. Ko albasa nake yankawa sai dai ta yi min yaji, ɗigo ɗaya ba ya fita. Shekara huɗu ke nan ina sa gilashin, kuma da shi nake tasowa daga Tudun Wada zuwa makarantar da nake koyarwa a Sabon Gari, nan Zariya, aji mai allo da alli. Saboda haka ƙura ba baƙuwata ba ce.

Ki fara gane yadda abin yake zaune. Faɗin baƙin ido bai wuce milimita 12 ba, gilashin kuwa ya fi shi faɗi, nawa 16.5 ne. Ba ya taɓa baƙin idon ko kaɗan. Kifa shi ake yi a kansa kamar kwano, bakinsa ya sauka a kan farin ido, tsakani kuma ruwan gishirin da kika zuba, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Wannan ɗan ruwan shi ne hawayen da ni da ke muka rasa. To in ya yi zafi, cikin uku akwai ɗaya: ko ruwan ne, ko bakin kwanon, ko hannun da ya sa shi. Agogo ne zai gaya miki wanne.

In zafin ya zo cikin minti goma ko ashirin na farko, ki zargi kumfar iska. Ki haska fitilar waya a gaban madubi, za ki gan ta kamar ɗan dutsen ado a ƙarƙashin gilashin. Inda ta tsaya nan ido ke bushewa, kuma ba ta fita don kin ƙifta. Cirewa za ki yi ki sake sawa. Satin farko na kan yi minti arba'in bayan sallar asuba ina fama, 'yata na tsaye da kayan makaranta tana ƙirga min sau nawa ya faɗi. Kuskurena shi ne ina tsaye gaban madubin bango, ruwan na zubewa kafin ya kai ido. Yanzu farin tawul nake shimfiɗawa a kan teburi, in kwantar da madubi a kansa, in sunkuya kamar mai ruku'u har fuskata ta kalli ƙasa sosai. In cika gilashin da ruwa har ya yi tozo yana neman zuba, in riƙe fatar ido ta sama daga tushen gashi, in ja ta ƙasa, in kawo shi sama a miƙe. Sanyin ruwan ne ke sa ido ya razana ya rufe, musamman da hunturu, shi ya sa nake dunƙule 'yar robar ruwan a hannu ta ɗan ɗumama kafin in buɗe ta.

Baki faɗi wane ruwa kike zubawa ba, kuma nan mutane da yawa ke cutar kansu. Ruwan gishirin asibiti ne mai kashi 0.9, wanda babu sinadarin hana lalacewa a ciki. Ruwan jiƙa gilashi na babbar kwalba da yawancin magungunan ɗigawa na kemis suna da wannan sinadarin, kuma in kin kulle shi a kan baƙin ido na awa takwas, yaji da ja ba makawa. Ni ƙananan robobin nan na mililita 5 nake amfani da su, irin waɗanda ake zuba wa masu asma a injin shaƙa, da sanin wanda ya auna min gilashin. In na buɗe ɗaya, ba ta kwana. Akwai masu huda ledar ƙarin ruwa ta asibiti su yi sati suna ɗiba saboda araha. Na san halin da aljihu ke ciki, amma leda in an huda ta, ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Sai hannu. Da hunturu duk muna shafe da basilin ko man kaɗanya, kuma ɗan maiƙon da ya rage a yatsa ya isa ya dusashe gilashin yini guda. Ki sa gilashi tukuna, sannan ki shafa mai. Sabulu ma ki nemi wanda ba mai maiƙo da turare ba. Ranar da na jajjaga attaruhu, na wanke hannu sau biyu na ga kamar ya isa, na kai yatsa ido, maƙwabta sai da suka leƙo. Tun daga ranar, in zan taɓa kayan miya leda nake ɗaurawa.

Amma naki, yadda kika kwatanta shi, ba na farkon sawa ba ne. Na bayan awa uku ko huɗu ne, kuma shi ne wanda na sha. Farin ido yana da wata fata mai laushi a samansa, gilashin kuma a hankali yake nitsewa cikinta, yawanci a awannin farko. Wanda ya zauna daidai da ƙarfe takwas na safe yana iya zama matsattse da sha biyu. Ƙari a kan haka, farin ido ba zagayayye ba ne sumul kamar ƙwallo, wani gefen ya fi wani tudu, galibi ɓangaren hanci. Ni kuma ina da ɗan tsiron nan mai ruwan ɗorawa a gefen hanci na idon dama, irin wanda rana da ƙura ke fito wa mutanenmu da yawa. Bakin gilashin a kansa yake sauka yana dannawa. Na yi ta zuwa wurin da aka auna min, a wani gari, kullum da sassafe saboda hanya, in sa gilashin a can, a duba a ce ya zauna kyau, in dawo Zariya in ci gaba da shan azaba ina cewa laifin idona ne. Sai wata rana mota ta lalace mana a hanya, ban isa ba sai bayan la'asar, gilashin kuma tun safe yana ido. Mai dubawar na haska fitila ya yi shiru, sannan ya ce, Malama, haka kike yini da shi? Aka sake yanka wani mai ɗan gurbi a daidai tsiron, bakinsa kuma aka daidaita shi da tudu da kwarin idon. Kwana biyu da karɓarsa na manta yana ido har na kusa kwanciya da shi.

Don haka ga abin da za ki yi. Bayan awa huɗu da sawa, ki sa wani ya ɗauki hoton idonki da waya kina kallon dama, hagu, sama da ƙasa. Ki duba 'yan jijiyoyin jinin da ke farin ido a daidai bakin gilashin. In sun zo sun katse, wurin ya yi fari fat, bayansa kuma ya yi ja, matsewa yake yi. Ɗan shatin zobe bayan cirewa, irin wanda safa ke bari a ƙafa, in ba ciwo kuma ya baje cikin ɗan lokaci, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ke zuwa da ja da zogi, ya kai dare bai tafi ba, shi ne magana. Akasinsa kuma, in kina jin bakin gilashin yana karce fatar ido duk ƙiftawa, to ya ɗaga ne a wani gefen. Duka biyun gyaran mai aunawa ne. Ki nemi a ba ki lokaci da rana, ki je da shi a ido ya yi aƙalla awa huɗu, ki tafi da hotunan. Kada kunya ta hana ki. Sake yanka gilashi sau biyu ko uku kafin a dace abu ne sananne a wannan aikin, kuma masu ƙerawa kan ba da wa'adin canji, ki tambaya yau nawa ya rage miki.

Hazon kuma iri biyu ne. In kin ɗiga magani ko kin ƙifta ya washe na ɗan lokaci, a jikin gilashin ta waje yake, wato maiƙo ko bushewa. Ki jiƙa audugar tsinke da ruwan gishirin ki share shi a hankali yana ido. In bai washe ba, a cikin ruwan yake, majina da dattin ido ne suka taru, sai an cire an ɗauraye an sake cikawa. Ni har yau ina yin wannan sau ɗaya, lokacin tashin azahar, a ofishin malamai. Na daina ɗaukarsa a matsayin gazawa. Zuba ɗigo biyu na hawayen roba mai kauri, marar sinadarin hana lalacewa, kafin in cika da ruwan gishiri ya rage min shi sosai, amma ki tambayi likitanki tukuna. Kwalli kuwa, ki yi haƙuri, nan kam haƙurin ya dace. A cikin fatar ido muke zizara shi, daidai bakin ƙofofin da maiƙon hawaye ke fitowa, kuma ƙarshensa cikin gilashin. Na bar shi, ko ranar Sallah.

Wajen cirewa, kada ki manna 'yar robar cire gilashin a tsakiya ki ja. Wannan ƙaho kike yi wa idonki, irin na wanzamai. Ki ɗiga ruwa tukuna, ki manna ta can ƙasa kusa da baki, ki ɗaga kamar mai buɗe murfin langa, iska na shiga zai sako da kansa. Rabin jan idon da nake gani da daddare a farkon lamarin, ni nake jawo shi da hannuna.

Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, har na leda, kada ɗayansu ya taɓa gilashin ko gidansa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa, in ta kama baƙin ido maganinta na da wuyar gaske. Wanka kafin sawa. Wajen alwala ina runtse ido sosai in na zo fuska, in tsane gashin ido kafin in buɗe. In da ruwan haidirojin mai kashi 3 kike wanke shi, na gilashi nake nufi mai zuwa da gidansa, ba na wanke ciwo ba, sai ya cika awa 6 kafin ya huce. Mai cirewa sha biyu na dare ta sa da asuba tana wasa da wuta. Na taɓa yi, ban sake ba.

Abin da ba a gaya min ba tun farko shi ne baƙin ido da ɗan farin da ke kewaye da shi kawai gilashin yake rufewa. Fatar ido da sauran farin suna nan a bushe, suna goga a bayansa. Saboda haka ban daina ɗiga hawayen roba a kansa ba, kuma da yamma ina ɗora tsumma mai ɗumi a kan ido minti goma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba na hawa Keke ko babur sai da tabarau mai rufe gefe, ko da daga Kwangila zuwa PZ ne. Fanka ba ta busa min fuska, turaren wuta sai na fita daga ɗakin ake sawa, kuma da daddare, bayan na cire, man ido nake matsawa in rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado. Barci da gilashi babu shi, har na rana.

In kuwa kin cire zafin bai sauka ba, ko haske ya gagare ki kallo, ko kin ga farin ɗigo a baƙin ido, ko kwantsa mai yawa, ko kina ganin bakan gizo kewaye da fitila, kada ki mayar da shi, kada kuma ki bari a ɗiga miki zuma ko nono ko ruwan sikari. Ki tafi sashen ido na asibitin koyarwa da ke Shika a ranar, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da gilashin da ruwansa a jaka.

Kafin ki samu ganin mai aunawar, ki rage awannin. In a awa ta huɗu yake fara ciwo, ki cire a ta uku, ki huta awa ɗaya da maganin ɗigawa, ki sake sawa da sabon ruwa. Ki kuma gaya min abin da aka rubuta a jikin kwalbar da kike cika shi da ita, da idon da ya fi damunki, da gefen da jan yake fara fitowa.