Hukuncin Shiga Aikin Zanen Bangon Unguwa

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. Mu samarin wata fada ne a Tawa. Magajin gari ya ba mu izini mu ƙawata bangon lakwal ɗin unguwarmu, kowane gida zai ba da jika ɗaya ta fenti. Wasu dattawa sun ce zane haramun ne, ba za su sa ko dala ba. Mu ci gaba ko mu bari?

Amsa: Ɗana, dattawan nan suna da madogara. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa masu yin surori suna cikin mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Sai dai ba kowane zane ake nufi ba. Wani mai wannan sana'a ya je wa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da ita yake ci. Sai ya ce masa in ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

A mazhabar Imam Malik, wadda akasarin mutanen Nijar ke bi, mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, haramun ne. Surar mai rai a shimfiɗe, marar inuwa, makaruhi ce, kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ambaci bango da sunansa cikin wuraren da aka karhanta. Imam Nawawi kuwa ya haramta duka biyun. To tunda kuɗin jama'a ne, me zai sa ku kai su inda malamai suka saɓa? Ku bar fuskoki da dabbobi, har raƙumin dawa na Kure da masu zane ke so.

Abin da ya rage muku yana da yawa: dagi, zanen ƙofar gida irin na Birnin Damagaram, zangarniyar hatsi, rijiya, haruffan karatu. Ku je Yama, nan cikin jiharku, ku ga masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Babu sura ko ɗaya, amma daga nesa ake zuwa kallonsa.

A kan haka aikin halal ne, kuma mai bayarwa da kyakkyawar niyya yana da lada. Kada dai a tilasta wa kowa biyan jikar, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa. Ayar Alƙur'ani ma kada ku rubuta ta a bangon titi. Kun fi ni sanin abin da ake yi a gindin bango da dare.

Ku kai wa dattawan samfurin zanen a takarda kafin ku sayi fenti.

Wallahu a'alam.