Amsa ga mai tambaya kan rawar matsin iska a gadon yashi

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka ɗauki bayanan matsin iska daga gadon yashinka, wato yashin da ake hura wa iska daga ƙasa har ya riƙa motsi kamar ruwa mai tafasa, ka lissafa girman atirakta (siffar da motsin bayanan ke zagayawa a kanta) da hanyar Grassberger da Procaccia, kullum adadi daban yake fitowa, malaminka kuma ya kafe sai ka nuna masa hargitsi, wato motsi mai bin ƙa'ida amma mai wuyar hasashe. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don na sha wannan wahalar.

Ajiye lissafin tukuna, je ka dubi tiyon da ya haɗa gadon da na'urar auna matsi. Ni nan aka cuce ni. Mai kula da ɗakin gwajinmu ya ɗaure na'urar a bango can nesa, ya ja mata doguwar roba mai laushi, wai kada ɗalibai su lalata kayan gwamnati. Na roƙe shi, na bi shi har ofis, na haɗa shi da Allah, ya ce haka ya tarar ana yi. Wata da watanni ina kwana a kan bayanan da robar ta riga ta shanye rabinsu. Ranar gabatar da aiki wani malami ya dubi zanena ya ce wannan muryar tiyo ce, ba ta yashi ba. Mai kula da ɗakin gwajin yana zaune a bayan ɗaki, aka tambaye shi, ya ce ban taɓa yi masa magana ba. A gaban kowa! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Ban iya cin abinci ba ranar, kuma sai da na sake gwajin daga farko da kuɗin aljihuna.

To, masu bincike van Ommen da abokansa na jami'ar Delft sun auna tasirin tiyo tun 1999: faɗin cikin tiyon ya kasance milimita 2 zuwa 5, tsawonsa kada ya wuce mita 2.5. Ni dai na ce ka gajarta shi iya yinka, ka tabbata yashi bai toshe bakinsa ba.

Sannan ka fara da abu mai sauƙi. Rawar da kumfar iska a cikin yashin ke haddasawa yawanci ƙasa da 10 Hz (sau 10 a daƙiƙa) take, saboda haka ɗauka a 200 Hz ta wadatar, amma da na'urar tace sigina kafin bayanan su shiga kwamfuta, in ba haka ba 50 Hz ɗin wutar lantarki za ta ɓuya a ciki. In da janareto kuke aiki, injin hura iskar ma sauya gudu yake yi, ka lura. Gwada lissafin Baskakov na saurin rawar gadon: tushen g (ƙarfin jan ƙasa) bisa tsayin yashi, a raba da pi. Yashi mai tsayin santimita 20 zai ba ka wajen 2.2 Hz. In ƙololuwar zanenka na saurin rawar matsin ba ta kusa da nan, da sauran bincike.

Maganar hargitsi kuwa, don Allah kada a tursasa ka. Hanyar nan ta Grassberger da Procaccia ta 1983 tana fitar da adadi ko da hayaniya zalla ka ba ta, musamman in bayanan gajeru ne. Ƙara girman sararin Takens, wato sararin da ake sake gina atirakta a cikinsa, a hankali, ka ga ko adadin zai tsaya wuri ɗaya. In yana ta hawa, rubuta haka, sakamako ne. Ka kuma yi gwajin Theiler na 1992, ka cakuɗa bayananka ka sake lissafi. In amsa ɗaya ce, ba ka da hujja. Ni entirofin Kolmogorov (ma'aunin wuyar hasashen motsi) ta hanyar Schouten, Takens da van den Bleek ya fi riƙe ni, kuma don kwatanta yanayi biyu na yi amfani da shi.

Malaman nan su ma su ji tsoron Allah, yaro yana sayen yashi da tiyo da kuɗinsa, a ce sai ya kawo amsar da ake so.

Ba ka faɗi rukunin Geldart (rabon ƙwayoyi bisa girma da nauyi) na yashinka ba, ko B ne, da inda ka huda jikin gadon ka haɗa tiyon. Turo su tare da tsawon lokacin da kake ɗauka kowane zama, in duba maka da daddare in Allah ya yarda.