Hunturun Kaduna da Tsagewar Ganyen Tabar Siga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokin kasuwancina ya kawo mini tsarabar tabar siga, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda, kwali guda mai kara 25, a watan Nuwamba. Na zuba ta a durowar ɗakina. Kafin ƙarshen Disamba sai ganyen da aka naɗe ta da shi ya fara tsagewa, wasu daga gindi, wasu kuma da na yanke kan sai ganyen ya warware. Na yayyafa musu ruwa na sa a firji, abin ya ƙara lalacewa. Jabu aka ba ni, ko ajiyar ce ban iya ba?
Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka zargi abokinka. Ko daga Habana ta ƙasar Kuba aka ɗauko maka ita da hannu, in ta yi wata guda a durowa cikin hunturun garin nan, haka za ta yi.

Karan siga ganye ne hawa uku: na ciki wanda shi ne cikon, na ɗauri da ke riƙe shi, sai na waje, ganye ɗaya tak mai laushi da aka miƙar aka naɗe sauran da shi. Ana naɗa shi ne yana da laima, kuma yana zama lafiya ne in danshin iskar da ke kewaye da shi yana tsakanin kashi 65 zuwa 72 cikin ɗari, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salsiyas. To, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar Sahara ke kaɗawa, danshin Kaduna da rana yakan faɗo ƙasa da kashi 20. In ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki, ita ma tana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Ganyen waje ne ke fara bushewa ya tsuke, alhali na ciki bai saki nasa ruwan ba tukuna. Riga ta matse, jiki bai rame ba, dole ta yage.

Yayyafin da ka yi ya fi hunturun ɓarna. Na san inda tunanin ya fito, haka 'yan goro ke yi wa huhunsu, amma taba ba goro ba ce. Busasshen kara in ya samu laima farat ɗaya, ganyen ciki ne ke zuƙarta ta buɗaɗɗen gindin ya kumbura, na waje kuwa bai dawo da taushinsa ba, sai ya dare daga ƙasa zuwa sama. Firji kuma, duk da sanyinsa, iskar cikinsa busasshiya ce, ga warin miya da na kifi da taba ke kwasa ba ta saki. Abin da nake so ka riƙe shi ne saurin canji ke fasa ganye, daga laima zuwa bushewa ko daga bushewa zuwa laima.

Waɗanda suka rage, ga yadda za ka ceto su. Ka nemi robar ajiye abinci mai murfin da ke kamewa, irin mai zaren roba a baki, sabuwa wadda ba ta taɓa ganin yaji ba. Ka wanke ta, ta bushe sarai. Ka jera karan a ciki, waɗanda ke cikin ledarsu ka bar su a ciki, don tana rage saurin shigar danshi. Sai ka sa ƙunshin daidaita danshi, irin na kamfanin Boveda, wanda ke ba da laima in iska ta bushe, ya kuma tsotse ta in ta yi yawa. Kowane ƙunshi da lambarsa a jiki, wadda ke nuna kashin danshin da yake riƙewa. Ka fara da mai 62, bayan mako biyu ka koma mai 65, bayan wasu biyun ka sa mai 69. Ƙunshi mai giram 60 ya isa kara 25, in ka sa biyu ma ba laifi, ba ya wuce lambarsa. Kana jujjuya su duk bayan 'yan kwanaki. Kafin wata guda ya cika kada ka kunna ko ɗaya. Taushin zai dawo, amma in man ganyen ya riga ya tafi, ƙamshin ba zai koma kamar da ba, gara ka sani tun yanzu.

In ƙunshin bai samu ba, ɗan soso sabo da aka jiƙa da tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje, a matse shi a sa a ƙaramin murfi nesa da tabar, zai yi maleji, sai dai yana son sa ido kullum. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse suna kawo fumfuna. Ruwan batir na bakin titi kuma kada ka kusance shi, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Za ka ji ana yabon akwatin katako na musamman, wanda ake shimfiɗe cikinsa da wani katako mai ƙamshi da ake kira sida. Yana da kyau a falo, kuma katakon yana ƙara wa taba ƙamshi. Amma ni a ganina, a Kaduna daga Disamba zuwa Maris roba ta fi shi aiki, don katako yana numfashi, bakin murfinsa kuma kan saki in ya bushe. Wanda ya nace sai akwatin, to ya fara shayar da shi babu taba a ciki, da ƙunshi mai 84 na kwana 14. In ba haka ba katakon ne zai shanye laimar tabar. Da hunturu kuma ya sa mai 72 don cike gurbin abin da ke zurarewa, ko ya jefa akwatin gaba ɗaya cikin babbar kula.

Ka sayi ɗan ma'aunin danshi mai lambobi, kuma ka gwada gaskiyarsa kafin ka yarda da shi. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi da ma'aunin a leda mai zif ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka san kullum sai ka ƙara masa 5.

Warwarewar da kake gani wajen yanka kuwa, rabinta laifin hannu ne. A kan kowane kara akwai 'yar hula ta ganye da ke riƙe ƙarshen naɗin. Milimita 2 kawai ake cirewa, da abin yanka mai kaifi, a sara ɗaya, bayan an ɗan jiƙa kan da leɓe. Ka wuce kafaɗar hular, ganye ya samu hanya. Zoben takardar da ke zagaye da karan ma a bar ta sai karan ya ɗauki ɗumi gam ɗinta ya saki. Kuma kada ka fito da kara tun safe ka sa a aljihu ko a mota sai dare, ka ciro shi lokacin da kake bukatarsa. Tunda maganar ta kai baki, ba zan ɓoye maka ba, siga ma tana cutar da lafiya ko da ba a haɗiye hayaƙin ba, cutar dajin baki da ta maƙogwaro na tare da ita.

Ganyayyakin ma ba ɗaya suke ba. Na Kamaru, maƙwabciyarmu, yana cikin waɗanda ake ji da su a duniya, amma siriri ne, shi ne kan gaba wajen fashewa. Haka ma ganyen Kanetikat na Amurka mai haske da ake nomawa a inuwa. Baƙin ganye mai kauri da ake kira Maduro ya fi jure wahala.

Ƙaramar tsaga tana gyaruwa. Ka jiƙa ƙaro mai tsabta da ɗan tataccen ruwa ya yi kauri, ka shafa kaɗan da tsinken sakace a ƙarƙashin ganyen, ka danne, ya bushe. Masu naɗin ma da gam ɗin tsiro marar ɗanɗano suke liƙe hular. Wadda ta dare daga gindi kuwa, yanke wurin ka huta.

In hunturu ya wuce kada ka saki jiki. Zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, kuma ƙwaron taba yana ƙyanƙyashewa ne in zafi ya wuce wajen 22 ga kuma laima. Ka ajiye robar a ƙasa, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, kana duba ko akwai 'yan huji kamar na allura. Da damina ta kankama, musamman Agusta, matsalar takan juye ta koma fumfuna, sai ka sauko zuwa ƙunshi mai 65.