Shin ramin bayogas na gida yana fashewa kamar silinda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shanu huɗu da nake turkawa a gidana da ke Rijiyar Zaki, kuma ina so a gina mini ramin bayogas da kashinsu, ko uwargida ta huta da sayen gas da gawayi. Amma maƙwabcina ya ce bam zan binne wa unguwa. Gaskiya ne yana fashewa? Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya hango haɗari, sai dai wanda ya fi cin rai a harkar nan shi ne shiga cikin ramin, ba fashewarsa ba.

Bari mu fara da abin da ya tsorata shi. Iskar da rami ke bayarwa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari metan ce, ita ce mai kamawa da wuta, saura kuma mafi yawa kabon dayoksaid ne. Metan ba ta fashewa sai ta gauraya da iskar waje har ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, sannan ta samu tartsatsi. Ramin da ke aiki daidai babu iskar waje a cikinsa, kuma matsin da ke ciki bai cika wuce na ruwa mai tsayin mita ɗaya ba, alhali na silinda ya ninka haka sau gommai. Matsalar tana zuwa a wurare uku: gas na farko bayan an cika sabon rami, wanda ke gauraye da iska (a sake shi a fili sau biyu ko uku kafin a kunna), yoyo a kicin da aka rufe taga, da kuma mai walda da zai ɗora wuta a kan duro ko tankin da aka ce "ai ba komai a ciki". Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin iska ta riga ta shiga.

Yanzu ga inda ake rasa rai. Cikin gas ɗin akwai wata iska mai guba, haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan kaɗan ce hanci yana jin ta. Idan ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Daga kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ita da kabon dayoksaid sun fi iska nauyi, don haka a ƙasan rami suke kwanciya, ko da an bar murfi a buɗe kwana da kwanaki. Lakar da ta zauna a ƙasa ma tana riƙe da gas, da an motsa ta da shebur sai ta sake shi gaba ɗaya. Irin abin da ke samun masu yasar rijiya da masai ne: na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi.

Saboda haka tun wajen gini ka ce wa magini ya yi ramin yadda za a kwashe laka daga waje, da famfo ko dogon guga. Idan shiga ta zama dole, aikin masu kayan aiki ne: a hura iska ciki da injin hura iska, a auna da na'ura a ga oksijin bai gaza kashi 19.5 cikin ɗari ba, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji, mutum biyu suna riƙe da ita a sama. Takunkumin yadi ko rawani bai tare wannan iska ko kaɗan. Kada kuma a gwada da kyandir ko ashana kamar yadda wasu ke yi a rijiya, nan metan ce ke jira. In wani ya faɗi, a jawo shi da igiya, a kira 'yan kwana-kwana, kada kowa ya sauka.

Manyan wurare ma ba su tsira ba. A shekarar 2005 mutum huɗu suka mutu a wata masana'antar bayogas a Rhadereistedt ta Jamus, lokacin da ake sauke sharar mayanka, gubar ta tashi ta cika zauren. Wannan abin lura ne ga duk mai tunanin ɗebo jini da tumbi daga Abbatuwa don ƙara gas: sharar da ke da furotin da yawa ta fi kashin shanu fitar da wannan guba. A 2023 kuma aradu ta faɗa wa tankin gas a wata masana'anta kusa da Oxford a Ingila, wuta ta tashi. Duk mai babban tanki ya sa masa ƙarfen kariya daga aradu kafin damina.

A cikin gida, kowane wata ka shafa ruwan sabulu mai kumfa a duk mahaɗar bututu da bawul, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne yoyo. Gas ɗin yana ɗauke da raɓa, don haka a karkatar da bututu kaɗan, a sa tarkon ruwa a wuri mafi ƙasa, in ba haka ba wuta za ta riƙa rawa tana mutuwa alhali bawul a buɗe. A sa mafitar matsi, wato bututu da aka tsoma bakinsa cikin ruwa, musamman saboda zafin Maris da Afrilu da ke sa rami ya yi gas fiye da yadda kicin ke ci. Gwangwani cike da soson ƙarfe mai tsatsa a kan hanyar bututu yana rage gubar, amma idan ya yi baƙi aka ciro shi yana iya ɗaukar zafi da kansa, a jiƙa shi a baza a fili nesa da kara da harawa. Risho kuma ya zama na bayogas, mai faɗin ƙofar gas, taga a buɗe yayin girki. In an ji wari, a rufe babban bawul, kada a taɓa makunnin lantarki.

Bakin zuba kashi da inda taki ke fita duk a rufe su da murfi mai nauyi da kwaɗo, domin yaro na iya nutsewa a ciki. Takin yana da kyau ga gona, amma bai rabu da ƙwayoyin cuta duka ba, musamman in an haɗa da bayan gida. A shanya shi ko a haɗa da takin gargajiya ya ƙara ruɓewa, kada a zuba shi ɗanye kan latas da kabeji.