Amsa: Su waye Kuki, kuma Indiyawa ne?

Malam, ka tambaya ko Kuki Indiyawa ne ko 'yan Bama (wato Myanmar) ne, to gaskiya duka biyun ne, iyakar da Turawan Ingila suka shata ce ta raba su. Mutanen tsaunuka ne a jihar Manipur ta Indiya, 'yan uwansu kuwa su ne Mizo na jihar Mizoram ta Indiya da Chin na Myanmar, har Bangladesh akwai su, cikin ƙabilun Kuki akwai Thadou da Paite da Hmar, yarensu na kama da juna, akasari Kiristoci ne. Sun yaƙi Ingila daga 1917 zuwa 1919 saboda sun ƙi a kwashe su aikin ƙarfi Faransa. Rikicinsu da Meitei, ƙabila mafi yawa a Manipur, tun 3 ga Mayu 2023 kam wallahi abin tausayi ne, an ƙone ƙauyuka da coci-coci, dubban mutane suna kwana a sansanin gudun hijira.